TIJJANI BABANGIDA: DAGA FILIN MINNA ZUWA BIRNIN AMSTERDAM

A cikin 'yan wasan ƙwallon ƙafa da suka taɓa sanya rigar kulob ɗin Niger Tornadoes na Minna, da wuya a sami wanda sunansa ya kai inda na Tijjani Babangida ya kai. Ya bar babban birnin Jihar Neja a 1991 bai wuce shekara 18 ba, bayan shekara biyar kuwa sai ga shi a kulob ɗin Ajax na ƙasar Holan, rataye da lambar zinariya ta wasannin Olamfik. Samarinmu masu sha'awar tamaula, tun daga unguwar Fadikpe da Bosso da Tunga a Minna har sauran garuruwan ƙasar nan, sun san ƙarshen hawan. Abin da ya kamata su sani shi ne matakan da aka taka kafin a kai can, da kuma saurin da aka yi wajen saukowa.

An haifi Tijjani a Kaduna ran 25 ga watan Satumba, 1973. A zamanin da ya tashi, Arewa tana da kulob-kulob masu ƙarfi, irin su Ranchers Bees na Kaduna, da Mighty Jets na Jos, da El-Kanemi Warriors na Maiduguri, kuma yaro mai hazaƙa yakan fara nuna kansa a gida kafin wani ya ji labarinsa a waje. Shi Tijjani a Minna ya sami wannan dama. Gajere ne, ba shi da jiki, amma Allah ya hore masa gudu irin wanda ba a koya wa mutum. Wurinsa a fili shi ne gefen dama, watau lamba bakwai, inda yakan karɓi ƙwallo daga tsakiya ya tsere da ita ta bakin layi, mai tsaron baya yana biye yana haki.

Wannan gudu shi ya sa aka saka shi cikin 'yan wasan da suka wakilci Nijeriya a Wasannin Ƙasashen Afirka da aka yi a Alƙahira cikin 1991, inda Nijeriya ta zo ta uku. A lokacin mutumin Holan ne, Clemens Westerhof, ke koyar da babbar ƙungiyar ƙasa, idon kulob-kulob na Holan da Beljiyam kuwa yana kan yaranmu, don kuwa shekara guda kafin nan Daniel Amokachi ya tashi daga Ranchers Bees ya koma Club Brugge. Da aka tashi daga Alƙahira sai kulob ɗin Roda JC ya ɗauki Tijjani.

MATAKI BAYAN MATAKI

Roda JC yana wani ƙaramin gari ne mai suna Kerkrade, daf da iyakar Jamus. Shugabannin kulob ɗin ba su jefa yaron cikin manya nan take ba, sai suka ba da aronsa ga VVV na garin Venlo. A kakar wasa ta farko wasa shida kaɗai ya buga, ya ci ƙwallo uku, kulob ɗin kuma ya faɗa rukuni na biyu. Wani yaron da sai ya ga an wulakanta shi, ya tada hankali sai an sake masa wuri. Tijjani ya zauna. A kakar 1992 zuwa 1993 ya jefa ƙwallo 16 a raga, VVV ya koma rukuni na ɗaya, shi kuma ya koyi abin da gudu kaɗai ba ya bayarwa: wasa cikin sanyi da ruwa, da bin umurnin koci, da sanin lokacin da za a tsere da lokacin da za a miƙa wa abokin wasa.

Sa'ad da ya koma Roda a 1993, ya koma ne a matsayin wanda ba a ajiyewa a benci. A shekararsa ta farko ya ci ƙwallo 11. A kakar 1994 zuwa 1995, ƙarƙashin koci Huub Stevens, wannan ƙaramin kulob ya zo na biyu a duk faɗin Holan, babu wanda ya sha gabansa sai Ajax, wanda a shekarar ce ya ci kofin zakarun Turai da 'yan Nijeriya biyu a cikinsa, Finidi George da Nwankwo Kanu. Da Finidi ya tashi zuwa Real Betis na ƙasar Sifen a 1996, sai Ajax ya nemi wanda zai gaje shi a gefen dama. Bai je da nisa ba, ya sayi Tijjani.

Mai karatu ya lura da lissafin: Minna, sa'an nan Venlo, sa'an nan Kerkrade, sa'an nan Amsterdam. Shekara biyar cur ya yi a ƙananan garuruwan da yawancin mutanenmu ba su taɓa jin sunansu ba, kafin ya shiga babban gida. Sannu ba ta hana zuwa.

SHEKARUN GANIYA

Kafin ya fara wasa a Ajax sai da ya biya ta Amurka. Ƙungiyar da Jo Bonfrere ya kai wasannin Olamfik na Atlanta a 1996 tana ɗauke da 'yan Kaduna da dama: Amokachi, da Celestine Babayaro da wansa Emmanuel, da Garba Lawal, da shi Tijjani. Sun fitar da Barazil da ci 4 da 3 a wasan kusa da na ƙarshe, bayan an riga an yi musu 3 da 1, sa'an nan ran 3 ga watan Agusta suka doke Ajantina da ci 3 da 2. Wannan ne karo na farko da wata ƙasar Afirka ta ci zinariya a ƙwallon ƙafa na Olamfik.

A Ajax ya tarar da koci Louis van Gaal, mutum mai tsanani wanda ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Daren da mutanen Amsterdam suka fi tunawa da shi shi ne na watan Maris, 1997, a birnin Madrid. An yi kunnen doki, ci ɗaya da ɗaya, da Atletico Madrid a karawar farko, aka sake yin haka a ta biyu, aka shiga ƙarin lokaci. Ana biyu da biyu, 'yan Madrid sun taso gaba ɗaya suna neman ƙwallon da za ta cece su, sai Tijjani ya jefa ta uku ana saura minti guda a tashi. Ajax ya wuce zuwa wasan kusa da na ƙarshe, inda Juventus na Italiya ya tare shi.

Shekarar da ta biyo ita ce ganiyarsa. Ƙarƙashin sabon koci, Morten Olsen, ya ci ƙwallo 13 a wasa 26 na gasar ƙasa, Ajax ya zama zakaran Holan na 1998, ya kuma haɗa da kofin ƙalubale bayan ya lallasa PSV da ci biyar da nema. Tijjani ne ya buɗe ragar a wannan rana. Shekarunsa 24 a lokacin.

ƘWALLO BIYAR DON NIJERIYA

A babbar ƙungiyar ƙasa, watau Super Eagles, Tijjani ya sha zaman jira, domin wurin da yake bugawa nan ne wurin Finidi. Ba a tafi da shi gasar cin kofin duniya ta 1994 ba. Duk tsawon zamansa ya buga wasa sama da talatin, ya ci ƙwallo biyar. Adadin kaɗan ne, amma dubi ranakun da suka zo.

Ta farko a Faransa ce, ran 28 ga watan Yuni, 1998. Nijeriya ta doke Sifen da Bulgeriya, jama'a har sun fara lissafin haɗuwa da Barazil, sai Denmak ta zuba mana huɗu. Tijjani ya taso daga benci ya zura wa Peter Schmeichel guda ɗaya, aka tashi 4 da 1. Ba ta hana faɗuwa ba, amma ta rage kunya.

Biyu na gaba a Ikko ne, ran 10 ga watan Fabrairu, 2000, a wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin Afirka. Wasan yana da tarihi a bayansa. Nijeriya ta ƙi zuwa kare kofinta a Afirka ta Kudu cikin 1996 saboda saɓanin siyasa tsakanin gwamnatocin biyu, mai masauki ya cinye kofin, mu kuma aka hana mu shiga gasar 1998. Saboda haka kowa yana jiran ranar da za a san gwani. Ba a cika minti guda da hura usur ba Tijjani ya jefa ta farko, kafin hutun rabin lokaci ya ƙara ta biyu, aka tashi biyu da nema. Bayan kwana uku Kamaru ta ɗauke kofin a bugun daga kai sai mai tsaron gida. A shekarar nan dai tsohon kulob ɗinsa na Minna ya ci kofin ƙalubale na Nijeriya, bayan ya doke Rangers na Inugu da ci ɗaya mai ban haushi.

Biyu na ƙarshe a Fatakwal ne, cikin watan Yuli, 2001. Laberiya ta George Weah ta matsa wa Nijeriya lamba a neman gurbin zuwa gasar duniya ta 2002, ya zama tilas a ci Gana a wasan ƙarshe. Victor Agali ya ci ɗaya, Tijjani ya ci biyu, Nijeriya ta tsallake da ratar maki ɗaya tak.

SAUKOWA

To, amma duniya rawar 'yan mata ce. Tun a ƙarshen 1998 al'amura suka fara juya masa a Amsterdam. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi a farkon kakar wasa, kafin ya murmure sosai aka sallami Olsen, waɗanda suka biyo baya kuwa ba su ba shi muhimmancin da ya saba samu ba. Lokacin da yake ta da ƙura a Ikko, a kulob ɗinsa benci yake ɗumamawa. Daga 2000 aka shiga ba da aronsa: Genclerbirligi na Turkiyya, da Vitesse na Holan, da Al-Ittihad na Jidda. Daga ƙarshe ya tafi Changchun Yatai na ƙasar Sin, ya rataye takalmansa a 2004 yana da shekara 31 ko ƙasa da haka da 'yan watanni.

A gida ma haka ta faru. Bayan Nijeriya ta zo ta uku a gasar Afirka da aka yi a Mali a farkon 2002, sai aka sauke koci Shu'aibu Amodu, aka naɗa Festus Onigbinde, aka yi watsi da wasu manyan 'yan wasa, cikinsu har da Finidi da Sunday Oliseh da Tijjani. Mutumin da ƙwallayensa suka kai ƙasar Koriya da Japan, a talabijin ya kalli gasar.

Dalilin wannan saurin sauka a bayyane yake. Ɗan wasan da jarinsa gudu ne, ranar da ƙafa ta rage taku ɗaya, ranar farashinsa ke faɗuwa, kuma babban kulob kullum yana da yaro ɗan shekara 19 da ke jiran wurin. In an ƙidaya, shekarun da Tijjani ya yi yana cin moriyar ƙololuwa ba su wuce biyu zuwa uku ba, alhali ya yi biyar yana hawa.

Gidansu ma ya ba da misali. Ƙanensa Haruna ya shiga Barcelona tun yana yaro, ana ta yabon gwanintarsa, amma bai sami gindin zama a babbar ƙungiyar kulob ɗin ba, ya ƙare da yawo tsakanin Yukren da Girka da wasu ƙasashe. Wanda ya fara daga Venlo ya fi wanda ya fara daga Barcelona nisa. Ɗaya ƙanen nasa, Ibrahim, yana cikin yaran da suka ciwo wa Nijeriya kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Japan cikin 1993. Ya rasu a watan Mayu, 2024, a haɗarin mota kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, haɗarin da shi ma Tijjani ya ji rauni a cikinsa. Allah ya jiƙansa. Bayan barin wasa Tijjani ya shugabanci ƙungiyar ƙwararrun 'yan ƙwallo ta Nijeriya, wadda aikinta ya haɗa da bin haƙƙin 'yan wasan da kulob ya riƙe wa albashi, da kula da tsofaffin da tafi ya ƙare musu.

Akwai magana biyu a nan. Ta farko ga iyaye da samari: ana yawan jin labarin waɗanda suka sayar da fili ko gona suka danƙa wa wani dillali kuɗi don ya kai yaro Turai, yaron da bai taɓa buga gasar ƙasa ko sau ɗaya ba, daga baya a ji ya maƙale a wata ƙasa babu kulob babu kuɗin komowa. Tijjani wasansa ne ya kira masu saye, a Minna da Alƙahira, kuma ko da ya isa sai da ya yi haƙurin rukuni na biyu. Yaro ya riƙe karatunsa ko sana'arsa, don wanda ya fi kowa sa'a ma yakan ajiye ƙwallo da sauran fiye da rabin rayuwa a gabansa.

Ta biyu ga hukuma. Niger Tornadoes ya sha hawa da sauka tsakanin rukuni na ɗaya da na biyu, ko da yake ya sake kai wa wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a 2017, inda Akwa United ya doke shi a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Kulob irin wannan shi ne matakin farko na tsani. In ana biyan 'yan wasa a kan kari, ana gyara filin wasa na Bako Kontagora, ana kuma shirya gasa tsakanin makarantu da unguwanni don masu koyarwa su ga yara tun suna ƙanana, Jihar Neja za ta sake fitar da wani lamba bakwai da duniya za ta san sunansa.