Katsalandan a Sadarwar Rediyo Mai Faffaɗan Zango

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu duba yadda katsalandan yake rage ingancin sadarwar nan mai faffaɗan zango da ake kira UWB. A watan Fabrairu na 2002 ne hukumar sadarwa ta Amurka, watau FCC, ta yarje wa wannan fasaha yin aiki tsakanin gigahaz 3.1 da 10.6, bisa sharaɗin kada ƙarfinta ya wuce kimanin nanowat 75 a kowane megahaz. Ke nan tashar da faɗinta yake megahaz 500 ba ta samun fiye da maikurowat 38, alhali kuwa na'urar Wi-Fi takan fitar da miliwat 100, ninki dubu biyu da ɗoriya. An gindaya sharaɗin domin kare masu zangon na asali, amma ya bar UWB tamkar mai raɗa a tsakiyar kasuwa.

Ba shakka faɗin yana da ranarsa. Na'urar karɓa tana tattara gajerun bugu masu yawa bisa tsarin da ta riga ta sani, sai saƙon ya ƙarfafa, baƙuwar sigina kuwa ta tarwatse. To, amma ƙofar da aka buɗe wa saƙo, ta nan baƙo yake shigowa. Idan ya cika ƙarfi, sai ya cika cikin na'urar ƙara sigina, ta rage ƙarin da take yi, saƙon ya nutse tun kafin a kai ga tattarawar. Ana iya sa matata ta yanke ɗan zangon da baƙon ya mamaye, sai dai tana jirkita siffar bugun.

A ganinmu, ɓarnar ta fi muni wajen auna nisa, aikin da ake yi wa makullan mota da AirTag. Na'urar tana neman bugun da ya fara isowa kai tsaye. In katsalandan ya binne shi, sai ta kama wanda ya dawo daga bango, ta ɗauka nisan ya fi yadda yake. Kuskuren nanosakan ɗaya daidai yake da santimita 30.

A 2020 FCC ta buɗe wa Wi-Fi gigahaz 5.925 zuwa 7.125. Tasha ta 5 ta UWB, mai tsakiya a wajen gigahaz 6.5, ta faɗa ciki tsundum. Tasha ta 9 kuwa, da take dab da gigahaz 8, tana waje, don haka muke ganin ita ce ta fi dacewa da gidajen da Wi-Fi ya yi yawa.