Hurumin Matan Fada da Darasin Damisar Indiya

A shekarar 1973 ne Gwamnatin Indiya ta keɓe gandun daji tara domin ceton damisar nan mai ratsi-ratsi, wadda maharba suka kusa ƙararwa. A ƙidayar 2006 an sami 1,411 kacal, amma a ta 2022 sun haura 3,000. Abin lura shi ne, ba a iya tsare damisa sai an tsare dajinta, da namun da take ci, da ƙoramun da suke sha. Saboda haka duk inda ta farfaɗo, sauran halittu ma sukan sami sa'ida.

To, wannan dabara ba baƙuwa ba ce a Musulunci. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina ya zama hurumi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Malaman fiƙihu suna kiran wannan hima, watau wurin da shugaba ya killace domin maslahar jama'a.

Mu a ƙasar Kabi ba mu da irin waccan damisa, amma muna da giwan ruwa, wanda ke cin ƙananan kifaye, kuma ba ya ƙasaita sai kogi yana da lafiya. A Matan Fada ta Argungu an hana su duk shekara, Sarkin Ruwa na tsaron wurin, sai ranar bikin kamun kifi, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu a 1934. Albarkacin wannan hani ne kifin ke girma har ya fi ƙarfin mutum guda.

Sai dai kifi ba ya zama wuri ɗaya. A fadama yake ƙwai idan ruwa ya malala, ga shi kuwa madatsun Bakolori da Goronyo sun rage ambaliyar da ke cika fadamun Argungu da Birnin Kabi. Ga kuma masu zuba guba a ruwa, da masu raga mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'yan kifi. Wannan ɓarna ce a bayan ƙasa, kuma shari'a ta hana.

Muna kira ga sarakuna da hukuma su ƙara keɓe tafkuna a fadamar Rima, limamai kuma su faɗakar da masunta a huɗubar Juma'a. Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, amin.