Hoton Jariri Ranar Suna: Abin Da Ya Kamata Mai Gida Ya Sani

A ƙasar Auyo da sauran garuruwan da ke bakin kogin Haɗeja, yanzu da wuya a yi suna a watse ba a ɗauki hoton jariri ba. Wani ya kan kira mai hoto daga Haɗeja, wani kuwa wayar hannunsa ta ishe shi. To, da ya ke akawuna da malaman makaranta su ne mutane su kan zo wa neman shawara kan irin waɗannan al'amura, mun ga ya kamata mu bayyana yadda aikin ya ke tafiya. Maganarmu guda ɗaya ce, watau jariri ya fi hotonsa daraja, saboda haka duk abin da zai wahal da shi don hoto ya yi kyau, a bar shi.

Yadda A Ke Yi A Ƙasashen Turawa

A Ingila da Amurka ɗaukar hoton jarirai sana'a ce mai zaman kanta, wadda ta bunƙasa cikin shekarun 1990 sa'ad da hotunan Anne Geddes, haifaffiyar Ostareliya, suka bazu a duniya. Masu sana'ar sun fi son a kawo yaro cikin mako biyu na farko, domin a lokacin barcinsa ya fi yawa. Zama ɗaya ya kan ci awa 2 zuwa 4, amma mafi yawan lokacin a kan shayarwa da lallashi da sake tsumma ya ke ƙarewa.

Akwai abin da mu ke so a lura da shi ƙwarai. Hotunan nan da a ke gani a waya, na jariri ya yi tagumi shi kaɗai, ko yana reto cikin ƙyalle, yawancinsu hoto biyu ne ko uku aka haɗa a kwamfuta. Akwai hannun babba riƙe da kan yaron, daga baya aka goge shi. Wuyan jariri ba ya iya ɗaukar kansa sai ya kai wajen wata 3 zuwa 4. Duk mai hoton da ya ce zai kwaikwayi wannan ba tare da mai riƙo ba, lalle a hana shi.

Yadda Ya Dace A Wurinmu

Ranar suna, watau kwana bakwai da haihuwa, tana cikin wannan lokaci da masu sana'ar su ke so. Sai dai rana ce ta cinkoso: ga raɗin suna, ga yankan rago, ga wanzami da askarsa, ga mata sun cika gida. Abin da ya fi shi ne a jira hantsi, bayan an gama aski, yaro ya sha nono ya ƙoshi. In kuwa ya gaji, a ɗaga sai gobe. Hotuna uku ko huɗu sun isa, kada a kwaikwayi zaman awa huɗu.

A gidan da ba a shiga, mai hoto namiji iyakarsa zaure, kaka ko gwaggo ita za ta fito da yaro. In ana son hoton mai jego, a nemi mace ta ɗauka a cikin ɗaki. In ɗan fari ne, kowa ya san uwa tana kunyarsa, kada a matsa mata ta rungume shi gaban jama'a. Kuma mace ce mai ciwo a jiki, tana cikin wankan jego, hutawa ta fi mata amfani.

Tun kafin a fara, mai gida ya yi ciniki a fili: nawa ne kuɗin, hoto nawa za a wanke a kan takarda, yaushe za a kawo. Ya kuma gaya wa mai hoto cewa ba a yarda ya manna hoton a shagonsa ko ya sa shi a Facebook ba sai da izini. Abin da ya shiga intanet da wuya a komo da shi.

Kiyaye Lafiyar Yaro

Likitoci sun tabbatar kwana 28 na farko su ne mafi hatsari a rayuwar yaro. Jariri ba ya daɗewa sanyi ya kama shi, balle wanda aka aske wa kai. In cikin hunturu ne, watau Disamba da Janairu, kada a tuɓe shi, a bar masa hula da zane, a kuma nisantar da shi daga ƙura. In da damina ne, ƙasarmu ta fadama ce, sauro ya yi yawa, a gama da wuri a mai da shi gidan sauro. Duk wanda zai taɓa shi ya wanke hannu da sabulu, mai tari ko mura ya tsaya nesa. Cibiya ta kan faɗi cikin mako ɗaya ko biyu, kada a ja ta ko a shafa mata wani abu don hoto. Hasken rana na cikin inuwa ya fi fitilar kyamara, wadda ke firgita yaro. In ya yi kuka a tsaya a ba shi nono, gama jariri ya kan sha sau 8 zuwa 12 a yini da dare.

Sa'an nan maganar kwalli. Mata su kan ranbaɗa wa jariri don idonsa ya fito a hoto, alhali kwallin dutse yana ɗauke da dalma. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da labarin wani jariri a birnin Boston da aka sami gubar dalma a jininsa, aka bi sawu aka tarar daga kwallin da aka kawo daga Nijeriya ne. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yaro, mun kuwa ga irin ɓarnar da ta yi wa yara a Zamfara a 2010. Haka kuma in aka fito da yaro haske aka ga idonsa ko fatarsa ta yi rawaya, wannan alamar shawara ce, a ajiye hoto a tafi asibiti.

Adana Hoto

Mutanen Auyo sun ga ambaliya a 2018 da 2022, sun san abin da ruwa ke yi wa takarda. A rubuta sunan yaro da na mahaifinsa da ranar haihuwa a bayan hoto, a sa shi cikin leda, a rataye ko a ajiye a bisa, a kuma aika wa ɗan'uwa na wani gari da guda. Amma fa hoto ba ya zama shaidar haihuwa. Dokar 1992 ta wajabta a yi wa kowane yaro rajista wurin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, takardar nan kuwa ita za a nema ranar shiga makaranta. Malamai da akawuna sun fi kowa sanin wahalar da a ke sha wajen laluben shekarun yaron da ba a rubuta ba, saboda haka su ya kamata su fara yi a gidajensu, su kuma tuna wa maƙwabta. Allah ya raya mana zuriya, ya ba masu jego lafiya.