Daga mutum 13 zuwa miliyoyi: Abubuwan da masu gudun Asabar suka saki kafin taronsu ya bunƙasa

A safiyar Asabar, 2 ga Oktoban 2004, mutum 13 ne suka hallara a lambun shaƙatawa na Bushy da ke kudu maso yammacin Landan domin yin gudun kilomita biyar. Kusan shekara 20 bayan nan, a ƙarshen watan Agustan 2024, da aka yi gudun karo na 1,000 a wannan lambu, sama da mutum 6,000 ne suka kai ƙarshen zango. Tsakanin ranakun nan biyu, ɗan taron abokai ya zama parkrun, shirin motsa jiki na kyauta da ake gudanarwa kowace Asabar a wurare fiye da 2,000 a ƙasashe sama da 20.

An sha ba da labarin bunƙasar. Wanda ba a cika bayarwa ba shi ne na abubuwan da mutanen farko suka rabu da su a hanya: sanin juna da suna, riƙon ragama, har da allon da ke ɗauke da sunayen gwanayensu. Wasu an sake su da daɗin rai, wasu kuwa sai da aka kai ruwa rana.

Agogo da takarda da kofin shayi

Wanda ya assasa taron shi ne Paul Sinton-Hewitt, haifaffen ƙasar da ake kira Zimbabuwe a yau, wanda ya tashi a Afirka ta Kudu. A 2004 al'amura sun cakuɗe masa: ya rasa aikinsa, ga kuma rauni da ya hana shi gudun da ya saba yi da abokan ƙungiyarsa. Da ya ga zaman gida zai raba shi da mutanensa, sai ya tuna wata al'ada ta ƙungiyoyin gudu na Afirka ta Kudu, inda ake haɗuwa mako-mako a yi gajeren gudu, kowa ya gwada lokacinsa. Ya gayyaci abokai su zo lambun Bushy, shi kuma ya riƙe musu agogo.

Kayan aikin ba su taka kara sun karya ba. Agogon auna lokaci ne, da takarda da biro, sai ƙananan zobban ƙarfe irin waɗanda makanikai ke sawa a ƙarƙashin noti, an buga wa kowanne lamba. Wanda ya iso a miƙa masa zobe, ya je a rubuta sunansa. Daga nan a zarce shagon shayi a zauna hira. Sinton-Hewitt ya sha faɗa a hirarrakinsa da 'yan jarida cewa wannan zama na bayan gudu shi ne ainihin abin da ya sa ya shirya taron.

Fiye da shekara biyu ana haka a wuri ɗaya. Kowa ya san kowa. In wani bai zo ba, an san bai zo ba, kuma akwai mai tambayar lafiyarsa.

Agogon ya koma hannun wasu

Saki na farko ya zo ne a farkon 2007, lokacin da aka buɗe wuri na biyu a filin Wimbledon. A ido ƙaramin mataki ne, amma ya sauya komai. Gudun biyu ana fara su ne da ƙarfe tara na safiyar Asabar, mutum ɗaya kuwa ba zai tsaya a wuri biyu ba. Dole mai abin ya miƙa agogo ga wasu, ya yarda za su yi shi yadda suka iya, ko da ba daidai da yadda shi zai yi ba.

A 2008 aka bar tsohon suna mai nuni da gwajin lokaci, wanda ya fi dacewa da 'yan wasa, aka ɗauki parkrun, wato gudun lambu. A 2009 shirin ya shiga Denmak. A 2011 ya isa Johannesburg ta hannun Bruce Fordyce, zakaran da ya lashe tseren Comrades mai dogon zango sau tara, kuma Afirka ta Kudu ta zama ɗaya daga cikin ƙasashen da ya fi karɓuwa.

Da jama'a suka yi yawa, takarda da biro suka gaza. Aka koma yin rajista ta intanet, kowa ya samu lambarsa mai zane-zane wadda na'ura ke karantawa, aka kuma kafa doka cewa wanda bai zo da lambarsa ba ba za a rubuta masa sakamako ba. Dokar ta hau kan kowa, har da wanda ya shekara goma yana zuwa, mai riƙe da na'urar kuma abokinsa ne. Ga tsofaffin hannu wannan abu ne mai ciwo, domin mutumin da ake kira da sunansa ya koma lamba. Ga baƙon da ya zo ranar farko kuwa, dokar ce ta daidaita shi da kowa.

Shugabanci ma ya bar hannun mai shi. A 2014 Masarautar Birtaniya ta karrama Sinton-Hewitt da lambar girma ta CBE. Ba a daɗe ba ya bar tafiyar da harkokin yau da kullum ga Nick Pearson, wanda ya zama babban jami'in gudanarwa, daga bisani shi ma ya miƙa wa Russ Jefferys a 2022. Shirin ya koma ƙungiyar agaji mai rajista, da kwamitin amintattu, da ma'aikata masu albashi, da kamfanoni masu ɗaukar nauyi. Rigunan da ake bai wa wanda ya cika gudu 50 ko 100 kyauta, daga 2021 sai mutum ya saya da kuɗinsa, abin da ya jawo gunaguni daga waɗanda suka saba.

Sannu ba ta hana zuwa

Mutum 13 na farko galibi 'yan ƙungiyar gudu ne, masu ƙafa. Waɗanda suka biyo baya kuwa sun haɗa da tsofaffi, da masu ƙiba, da iyaye masu tura keken jarirai, da waɗanda suka tashi daga jinya. Shekara bayan shekara matsakaicin lokacin kammala kilomita biyar ɗin sai ƙaruwa yake da mintuna. A wata ƙungiyar wasanni da wannan ya zama abin kunya. Shugabannin parkrun suka mayar da shi abin alfahari, suna cewa alama ce ta an fara isa ga mutanen da suka fi buƙatar motsa jiki.

A kowane gudu akwai ɗan sa-kai da aikinsa shi ne ya zo na ƙarshe, don kada wani mahalarci ya ji shi ne kurar baya. A 2017 aka sauya sunan wannan aiki daga mai gudun baya zuwa mai tafiyar baya, domin a tabbatar wa masu takawa a ƙafa cewa su ma 'yan gida ne. A shekarar ne aka fara gudun a wani gidan yari a arewacin Ingila. A 2018 aka ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar likitocin iyali ta Birtaniya, likitoci suka fara tura marasa lafiyarsu lambu a safiyar Asabar. A 2022 aka ware watan Oktoba don jawo masu tafiya zalla.

Duk wannan yana da tsada ga wani. 'Yan sa-kai masu tsayuwa a kwana-kwana cikin sanyin hunturu, da a da suke tashi bayan minti arba'in, yanzu sukan jira sa'a guda ko fiye. Masu sauri kan koka da cunkoso a wurin tashi. Shagon shayin da ke ɗaukar kowa a teburi biyu ya daina isa.

Ranar da aka goge allon gwanaye

Saki mafi zafi ya zo a watan Fabrairun 2024. Hukumar parkrun ta cire daga shafukanta jerin waɗanda suka fi kowa sauri a kowane wuri, da na waɗanda suka fi yawan zuwa na ɗaya, da bajintar rukunin shekaru. Kowa na iya ganin lokacinsa da sakamakon mako, amma allon tarihi ya tafi. Hujjar hukumar ita ce irin waɗannan jadawali suna sa sabon zuwa ya ɗauka tsere ne na gwanaye, ya ja da baya. Wasu sun danganta matakin da taƙaddamar da ake yi a lokacin kan wanda ya cancanci shiga rukunin mata, zargin da hukumar ta musanta.

Dubban mutane suka sa hannu a takardar koke suna neman a dawo da allon. Ƙorafinsu yana da tushe. Dattijon da ya kafa tarihi a rukunin 'yan shekara saba'in, bajintarsa ba ta tsorata kowa ba, ƙarfafa gwiwa ma take yi. Akwai kuma waɗanda matakin kansa bai dame su kamar yadda aka ɗauke shi ba: daga sama, ba tare da an tuntuɓi 'yan sa-kai da ke ɗauke da aikin a kafaɗarsu kowace Asabar ba. Wannan ɓangare na ƙorafin shi ne darasin da ya fi girma. Mutane sukan haƙura da rasa abu idan an zauna da su an yi musu bayani, amma sukan daɗe suna jin zafin wanda suka wayi gari suka tarar an ɗauke.

Abin da aka ƙi saki

Da a ce duk abin da ya zo sai a sake shi, da taron ya watse tuntuni. A watan Afrilun 2016, majalisar wata ƙaramar gunduma mai suna Stoke Gifford, kusa da Bristol, ta kaɗa ƙuri'ar fara karɓar kuɗi daga gudun da ake yi a lambun Little Stoke, tana cewa ɗaruruwan masu gudu suna cinye hanyoyin lambun, kuma gyara na buƙatar kuɗi. An fara ne da maganar fam ɗaya kan kowane mutum, kuɗin da bai kai na kofin shayi ba. Fitattun 'yan wasa irin su Paula Radcliffe suka soki matakin. Hukumar parkrun ta ƙi biya, aka rufe wurin, mahalartansa suka watsu zuwa lambunan maƙwabta.

Lissafin a fili yake. In aka biya a wuri ɗaya, sauran majalisu za su biyo sahu, kuma ranar da aka sa kuɗin shiga, mai ƙaramin ƙarfi ne zai fara zama a gida. An yarda a rasa lambu guda da al'ummar da ta ginu a cikinsa domin a tsare alƙawarin cewa gudun kyauta ne ga kowa. A shekarar da ta biyo baya gwamnatin Birtaniya ta buɗe tuntuɓar jama'a kan hana majalisu karɓar irin wannan kuɗi.

Idan aka jera abubuwan da suka sauya da waɗanda suka tsaya, za a ga tsari. Suna ya sauya, kayan aiki sun sauya, shugabanni sun sauya, irin mahalarta ma ya sauya. Abu huɗu ne ba a taɓa ba: kilomita biyar, safiyar Asabar, kyauta, kuma a hannun 'yan sa-kai. Sanin waɗannan huɗun ne ya sa sakin sauran ya yiwu.

Me ya sa girma ke da ciwo

Masanin halayyar ɗan Adam Robin Dunbar na Jami'ar Oxford ya yi fice da hasashen cewa mutum ba ya iya riƙe dangantaka mai ma'ana da fiye da kimanin mutum 150. Masana na jayayya kan adadin, amma duk wanda ya taɓa zama a ƙungiya ya san akwai iyakar da in aka wuce ta, fuskoki kan fi sunaye yawa. Kewar da tsofaffin mambobi ke ji gaskiya ce, domin abin da suka rasa ya tafi da gaske. Maganin da parkrun ya samo shi ne yawaita wurare: in lambu ya cika, a buɗe wani a unguwa ta gaba da sababbin 'yan sa-kai, ƙaramin taro ya sake haihuwa a can.

Mazauna Abuja da ke fita motsa jiki a bakin tafkin Jabi, ko Millennium Park, ko harabar filin wasa na Moshood Abiola a safiyar Asabar ba baƙin wannan labari ba ne. Ƙungiyoyi da dama kan fara da abokan ofis biyar ko shida, kafin shekara ta zagayo an kai hamsin, an fara maganar kuɗin wata-wata, da riga iri ɗaya, da wanda zai zama shugaba. A nan ne wasu ke rabewa biyu, wasu su mutu murus, sau da yawa saboda wanda ya kafa ya kasa yarda wani ya ja gaba, ko kuma sababbin zuwa sun ture komai har da dalilin haɗuwar.

Ma'aikacin gwamnati ya fi kowa sanin cewa kujera aro ce, tunda doka ta yanke masa shekara 35 ta aiki ko 60 ta haihuwa, kuma ba ya barin ofis sai ya rubuta takardar miƙa aiki. Ƙungiyar motsa jiki ba ta da irin wannan doka, don haka sai mambobi sun yi wa kansu. Zai yi kyau tun suna 'yan kaɗan su zauna su rubuta abu biyu ko uku da ba za a taɓa ba komai yawan jama'a, su koya wa mutum na biyu da na uku riƙon agogo tun mai shi yana nan, su kuma amince cewa duk sauyin da zai shafi masu ɗawainiya sai an ji ta bakinsu kafin a zartar.