Ƙwayar Da Ta Ɓace Cikin Wata 8

Jama'a, a kan iyakar Suwizalan da Faransa akwai wani rami da Turawa suka haƙa a ƙarƙashin ƙasa, kewayensa kilomita 27, na cibiyar binciken kimiyya ta CERN. A cikinsa ake koro ƙwayoyin furoton, waɗanda ƙwayar zarra ma ta fi su girma, su yi karo da juna da gudu kusan na haske, sa'an nan masana su bi tarkacen da awo.

Ran 15 ga Disamba, 2015, ƙungiyoyi biyu masu wannan awo, watau ATLAS da CMS, suka ce sun ga tartsatsin haske biyu-biyu fiye da yadda lissafi ya nuna. In abin ya tabbata, to wata sabuwar ƙwaya ce, mai nauyi ninki 6 na ƙwayar Higgs da aka gano a 2012.

Nan fa kasuwa ta buɗe. Tun wajen 1974 akwai wani ra'ayi da masana ke yi wa laƙabi da Susi, mai cewa kowace ƙwaya da aka sani tana da abokiyar tagwaici wadda ta fi ta nauyi, ta ɓuya. Shaihunan malamai da yawa sun tsufa suna jiran ganin ko da guda. Kafin ka ce kwabo an rubuta takardu wajen 500 na bayanin tartsatsin, da dama cikinsu kuwa da Susi suka kafa hujja.

Da aka ƙara tara awo, aka taru a Shikago ta Amurka cikin Agusta, 2016, sai aka nemi alamar aka rasa. Ashe katari ne, kamar mutum ya jefa kwabo sau 10 ya faɗi ta fuska ɗaya sau 8. An taɓa yin irin wannan a CERN ɗin a 1984, shi ma aka jingina wa Susi, ya bi ruwa a 1985.

Abin da ke damun wasu masana shi ne, ra'ayin ya cika sauƙin lanƙwasuwa. Duk alamar da ta ɓullo ana iya gyara lissafinsa ya dace da ita, in ta ɓace kuma a ce ai tagwayen sun fi ƙarfin injin. Har yau ba a ga ko ɗaya ba, ga shi kuwa CERN na neman ƙasashen Turai su yarda a haƙa sabon rami mai kimanin kilomita 90.