Kwandalar Amurka da ba a buga don kasuwa ba

Kalmar kwabo da muka gada, daga sunan jan ƙarfe a Turanci ta samo asali. Su ma Amurkawa sun yi nasu kwabon, wato babban senti, wanda masana'antar buga kuɗi ta Filadelfiya ta riƙa fitarwa daga 1793 zuwa 1857. Jan ƙarfe ne zalla, faɗinsa ya kusa santimita 3. Da farko nauyinsa giram 13.48 ne, daga ƙarshen 1795 aka rage shi zuwa 10.89 saboda tsadar ƙarfen. A duk tsawon shekarun nan 1815 ce kaɗai ba ta da senti mai ɗauke da shekararta, don yaƙin 1812 ya katse faifan ƙarfen da ake sayowa daga Ingila.

Waɗannan kwandaloli an buga su da yawa, sun sha hannu, sun goge. Amma akwai wasu 'yan kaɗan da masu tara tsofaffin kuɗi suke rububi a kansu, ana ce musu furuf, mu ce bugun musamman. Nan ne mutane da dama suke kuskure. Furuf ba ya nufin kwandala mai kyau ko sabuwa fil. Hanyar ƙera ta ake nufi. 'Yan sashen injiniyan kanikanci za su gane da wuri: ana goge hatimin ƙarfen da ke ɗauke da zanen har ya zama kamar madubi, a goge faifan da za a buga, sannan a danna shi a hankali a injin murɗawa, sau biyu ko fiye, don ƙarfen ya shiga kowane lungu na zanen. Sai ka ga filin kwandalar yana ɗaukar ido, gashin matar da ke jiki ya fito sili-sili, taurari sun cika, bakin kuma ya tsaya cak. Idan irin wannan ta faɗa kasuwa ta goge, har gobe furuf ce. Kwandalar kasuwa kuwa, ko ta fi wata sheƙi, ba za ta taɓa zama furuf ba.

To ina matsalar? Sai a 1858 masana'antar ta fara sayar wa jama'a furuf a tsare, lokacin babban senti ya riga ya kau. Kafin nan jefi-jefi ake bugawa, don kyauta ga manyan baƙi ko don wani mai tarawa da ya san hanya, kuma ba a ajiye lissafin yawansu ba. Ga shi sabon hatimi, ko wanda aka sake gogewa, yakan fitar da kwandalolin farko masu ƙyalli kamar furuf alhali na kasuwa ne. Saboda haka a kan na shekarun 1820 da 1830 musu ba ya ƙarewa. Walter Breen ya fitar da littafi kan furuf a 1977, kuma wasu da ya lissafa a ciki masana na baya sun ce sam ba su yarda ba. Kwandala ɗaya, ido biyu, hukunci biyu, tsakaninsu kuma dubban daloli.

Shi ya sa masu wannan harka suke bin hatimi ɗaya-ɗaya. Howard Newcomb ya jera ire-iren na 1816 zuwa 1857 a littafinsa na 1944, ta hanyar duba inda lamba ta karkace ko inda hatimi ya tsage. William Sheldon kuma, a 1949, ya kawo ma'aunin 1 zuwa 70 don senti na farko-farko, yanzu da shi ake auna kusan duk kuɗin Amurka. Kamfanoni irin su PCGS, da aka kafa a 1986, sukan duba kwandala su rufe ta a roba da hukuncinsu a jiki. Har launi ana dubawa: ja, ja da ƙasa-ƙasa, ko ƙasa-ƙasa zalla. Kuɗin da ke yawo ba na wasa ba ne. Senti na 1793 mai zanen sarƙa, wanda ba ma furuf ba ne, an sayar da guda ɗaya dala miliyan 2.35 a Janairun 2015.

Ni abin da ya fi ba ni tausayi shi ne gogewa. Jan ƙarfe yana dushewa da iska, wannan kowa ya sani, kuma mai kwandala yakan ji kamar ya ɗan share ta. Tsumma ɗaya ya isa ya bar ƙananan zane a kan madubin nan, waɗanda gilashin ƙara girma zai nuna, ba su kuma fita har abada. Wanda ya je hutu gida ya tarar da anini ko kwabo mai huji a akwatin kaka, ya bar toka da lemun tsami inda suke. A riƙe ta gefe-gefe, kada yatsa ya taɓa fuskar, a ajiye inda babu laima.