Tsatsar da ke ƙarƙashin fenti: abin dubawa kafin a sayi tsohuwar Mercedes SL

A cikin motocin da manyan ma'aikata da 'yan siyasa ke ajiyewa a Abuja don sha'awa, akwai tsofaffin motoci masu gudu, masu ƙofa biyu, waɗanda ake fitowa da su ranar hutu kawai. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi nema ita ce Mercedes-Benz SL samfurin R107, wadda aka ƙera daga 1971 zuwa 1989. Sau da yawa mai kuɗin ba shi ne ke zuwa ganin motar ba. Hadiminsa yake aikawa Legas ko Fatakwal, ko wani gida a Maitama, ya duba ya kawo rahoto. Idan cinikin ya yi kyau, maigida ya yi dace. Idan kuwa bayan wata shida fenti ya fara kumbura, sunan hadimin ne zai ɓaci.

Mafi yawan masu zuwa duba irin wannan mota da inji suke farawa: a tayar, a saurari ƙara, a leƙa hayaƙi. Masu dogon sani a harkar kuwa jiki suke fara dubawa. Inji ko giya in sun lalace ana gyarawa ko a sauya, kuma kuɗin aikin sananne ne tun kafin a fara. Tsatsa ba a sanin iyakarta sai an yanka ƙarfe.

Dalilin yana cikin yadda aka gina motar. R107 ba ta da ƙashin ƙarfe daban wanda aka ɗora jiki a kai, irin na manyan motocin ɗaukar kaya. Jikin ne da kansa ke riƙe nauyi. Kuma tunda rufinta cirewa ake yi, ƙarfin da rufi ke bai wa sauran motoci ya koma kan daɓen ƙasa da dokin ƙofa na hagu da dama. Idan tsatsa ta ci waɗannan wurare, ta ci abin da zai kare direba ranar haɗari.

Tsatsa na samuwa ne idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska, gishiri kuma yana hanzarta ta. Saboda haka tambayar farko ita ce inda motar ta yi rayuwarta. An ƙera R107 sama da 237,000, kuma kusan kashi biyu cikin uku Amurka aka kai su. A jihohin da dusar ƙanƙara ke zuba, irin su Michigan da Ohio da New York, ana watsa gishiri a tituna duk lokacin sanyi, ya fantsama ƙarƙashin mota ya maƙale. Wadda ta zauna a Arizona ba ta gamu da wannan ba. A gida Najeriya ma akwai bambanci: motar da ta shekara talatin a Legas cikin iskar teku da ambaliya ba ɗaya take da wadda ta zauna a Kano ko Sakkwato ba. Ko a Abuja, motar da aka ajiye a kan turɓaya aka lulluɓe da tamfol daga Afrilu zuwa Oktoba tana shan laima ta ƙasa ba tare da kowa ya lura ba.

Wasu masu saye sukan dogara da binciken lambar mota a intanet. Wannan yana da iyaka. Lamba mai harafi da alƙaluma 17, wadda kamfanoni irin su Carfax ke aiki da ita, daga motocin 1981 aka fara amfani da ita a Amurka. Motar 450 SL ta 1973 ba za a samu tarihinta ta wannan hanya ba. Ko wadda aka samu tarihinta ma, rahoton ba ya auna kaurin ƙarfe. Gani ya kori ji.

Wurin da ya fi kowane haɗari a R107 ba a ganinsa daga waje. Shi ne bangon ƙarfen da ya raba inji da wurin zama, a ƙasan gilashin gaba. A nan akwai wani kwari da ruwan sama ke zuba, ya fita ta ƙananan magudanai. Ganyaye da ƙura, har da ƙurar hunturu, sukan toshe magudanan, ruwa ya kwanta ya ci ƙarfen daga ciki. Ana ganin wurin ne idan aka buɗe murfin inji, aka kwance murfin roba da ke kan fankar iska, aka haska tocila. Alamarsa ta biyu tana cikin mota: idan aka ɗaga kafet ta wajen ƙafar direba da ta fasinja aka ji danshi ko warin rima, ruwa yana shigowa. Gyaran wannan bango yakan buƙaci a cire dashbod gaba ɗaya, wani lokaci har da inji. Mai sayarwar da ya ƙi yarda a kwance wannan murfi ya riga ya ba da amsa.

Daga nan sai dokin ƙofa da ramukan da ake sa jek. Ana danna su da yatsa ko kan sikundireba a hankali, da izinin mai motar. Ƙarfe mai lafiya ba ya lotsawa, ba ya kuma ƙarar ɓawon gyaɗa. Sai gefen kogon tayoyin baya, da saman fukafukan gaba kusa da fitilu, da ƙasan ƙofofi. A baya kuma a fitar da safaya a duba mazauninta, a duba kusurwoyin but, sannan a buɗe akwatin da ake naɗe rufin yadi a ciki, domin ruwa yakan kwana a can idan robobin sun tsufa.

Duk wannan bai cika ba sai an shiga ƙarƙashin motar. A unguwar makanikai ta Apo da makamantanta akwai ramuka da na'urorin ɗaga mota, kuma kuɗin awa ɗaya a kansu ba komai ba ne idan aka kwatanta da kuɗin motar. Abin lura a ƙasa shi ne sabon baƙin shafi mai kauri kamar kwalta. Tsohuwar mota da ƙasanta ke sheƙi fiye da samanta tana buƙatar bayani, domin da irin wannan shafi ake rufe faci da walda marar kyau. A duba kuma wuraren da ƙafafun mota suka haɗu da jiki, ko akwai tsagewa.

Fenti shi ne babban mayaudari. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta cinye girma, shi ya sa take tura fenti ya yi ƙuraje. Ƙurji ɗaya a waje yakan nuna ɓarna mai faɗi a ciki. Wasu masu gyaran jiki sukan kankare wurin, su cike shi da fila, su fesa sabon fenti, sai a yi wa rogo kallon kitse. Ƙaramin maganaɗisu da aka naɗe a ƙyalle yana tona wannan: yana kama ƙarfe, yana sakin inda fila ta yi kauri. Sai dai a tuna cewa wasu samfuran na shekarun 1980 murfin injinsu na alminiyam ne, wanda maganaɗisu ba ya kamawa ko da lafiyarsa ƙalau. Na'urar auna kaurin fenti ta fi daidai, domin tana nuna inda wani sashe ya ninka na kusa da shi. A yi duban da rana, a busasshiyar mota. Dare da ruwan wanki suna ɓoye lotsa da bambancin launi.

Kowace irin mota da inda take ruɓewa. Datsun 240Z ta daɓen ƙasa da mazaunin batir take farawa. Porsche 911 ta samu jiki mai rufin zinki ne daga samfurin 1976, don haka waɗanda suka gabace shi sun fi buƙatar ido. Chevrolet Corvette jikinta ba ƙarfe ba ne, amma ƙashin da ke ƙasa ƙarfe ne kuma yana tsatsa. Wanda zai duba mota ya fara sanin raunin irinta kafin ya bar ofis.

Ga hadimin da aka aika, abin da zai kare shi shi ne shaida. Ya tafi da mai gyaran jiki wanda shi ya zaɓa, ba wanda dillali ya kawo ba. Ya ɗauki hoton kowane wuri da aka ambata, ya sa a rubuta kiyasin gyara, ya tabbatar lambar da ke jikin motar ta dace da ta takardun kwastam da na mallaka. Tsatsar sama da ba ta huda ƙarfe ba dalili ce ta rage farashi. Rami a bangon inji ko a dokin ƙofa kuwa dalili ne na fasa ciniki, sai in maigida ya san kuɗin aikin kuma ya amince. Biyan kafin alƙalami a kan hotunan da dillali ya turo ta WhatsApp cinikin biri a sama ne, kuma hadimin da ya dawo ya ce motar ba ta yi ba ya yi aikin da aka aike shi.